Marine: ƙungiyar unguwa da Najeriya ta fara karawa da ita a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayanmu, a watan Janairun 2021 na kalli wasan kofin FA tsakanin Tottenham da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Marine, a wani fili da gidajen mutane suka kewaye. An ce cikin 'yan wasanta har da malamin makaranta da mai kwashe shara. Kwanan nan kuma wani dattijo ya ce mini Najeriya ta taɓa buga wasa a wannan filin. Gaskiya ne? Mene ne tarihin ƙungiyar, kuma da me irin waɗannan ƙungiyoyi suke rayuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, kuma zan zo kan maganarsa dalla-dalla. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin yawancin mutanen da suka san sunan Marine minti 90 kawai suka sani a cikin tarihinta. A ranar da Tottenham ta je wannan fili, ƙungiyar tana da shekara 126 a duniya, kuma abin da ya riƙe ta tsawon waɗannan shekaru ya fi wasan da ka kalla muhimmanci a wurina.

Kafin komai, sai ka san yadda ƙwallon Ingila yake a jere, kamar tsani. A sama akwai Firimiya mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai Championship da League One da League Two, kowace da ƙungiyoyi 24. Waɗannan 92 su ne cikakkun ƙwararru, waɗanda ɗan wasansu ba shi da wata sana'a sai ƙwallo. Mataki na biyar shi ne National League. Daga na shida zuwa ƙasa ake raba gasa shiyya-shiyya, arewa daban, kudu daban, saboda kuɗin mota kada ya kashe ƙungiyoyi. Duk matakan a haɗe suke: wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya gaza ya sauka. Lokacin da ka ga Marine tana mataki na takwas ne.

A irin wannan mataki ɗan wasa yana karɓar kuɗi, wani ma har da kwantiragi a rubuce, amma kuɗin ba su isa riƙe gida ba. Don haka da rana yana wurin aikinsa, da yamma sau biyu a mako, galibi Talata da Alhamis, ya je atisaye, ranar Asabar da ƙarfe uku ya buga wasa. Idan an sa wasa tsakiyar mako a wani gari mai nisa, sai ya roƙi shugabansa a wurin aiki ya sallame shi da wuri, ya dawo gida tsakar dare, gari na wayewa ya koma bakin aiki. Kada ka ɗauka 'yan dagaji ne da suka haɗu don motsa jini. Da yawansu sun taso ne a makarantun horar da yara na manyan ƙungiyoyi, aka sallame su suna da shekara 18 ko 19. Sun iya ƙwallo sosai. Abin da ya raba su da waɗanda kake gani a gidan kallo shi ne saurin ƙafa da saurin tunani, da kuma hutun da jiki yake samu.

An kafa Marine a 1894. Wasu 'yan kasuwa da matasa da suka gama kwaleji ne suka haɗu a wani otal mai suna Marine a unguwar Waterloo, a bakin ruwa inda kogin Mersey yake shiga teku, kimanin mil bakwai arewa da tsakiyar birnin Liverpool. Sunan otal ɗin suka ɗauka suka laƙaba wa ƙungiyar, ba ta da wata alaƙa da sojan ruwa. Ka lura da shekarar: ƙungiyar Liverpool da kowa ya sani a 1892 aka kafa ta, wato shekara biyu kacal ta girmi Marine. A 1903 Marine ta koma filin Rossett Park da ke kan titin College Road a Crosby, kuma tun daga ranar ba ta ƙara tashi ba. Farar riga da baƙin wando su ne kayanta.

A lokacin ƙwallon Ingila ya rabu gida biyu. Tun 1885 FA, hukumar ƙwallon Ingila, ta halatta biyan 'yan wasa albashi, sai wasu ƙungiyoyi suka bi wannan hanya, wasu kuma suka tsaya a kan cewa ƙwallo abin sha'awa ne da bai kamata a karɓi ko kwabo a kansa ba. Marine cikin na biyu take. Ta yi shekaru tana buga gasar I Zingari, gasar masu wasa don sha'awa ta yankin Liverpool, ta kuma lashe ta sau da dama. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da nasu babban kofi na ƙasa baki ɗaya, FA Amateur Cup, kuma a wancan zamani wasan ƙarshensa yana tara dubban mutane. A 1932 Marine ta kai wasan ƙarshe, aka buga a Upton Park, filin West Ham a Landan, a gaban 'yan kallo kimanin 22,000. Dulwich Hamlet ta lallasa ta da ci 7-1. Kashi ne mai zafi, amma zuwan ƙungiyar unguwa daga bakin Mersey har wasan ƙarshe ya sa sunanta ya shiga kunnen masu tafiyar da ƙwallon sha'awa a ƙasar. Bayan 'yan shekaru ta koma gasar Liverpool County Combination, wadda ta fi ƙarfi.

Yanzu ga maganar dattijonka.

A 1949 Najeriya tana ƙarƙashin mulkin Turawa, shekara 11 kafin samun 'yanci. Hukumar ƙwallon ƙasar ta zaɓi 'yan wasa 18, yawancinsu daga ƙungiyoyin Legas, domin su je Ingila su yi wasannin sada zumunta. Wannan ne karon farko da aka haɗa tawaga da sunan Najeriya ta tafi Turai. Suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa a tsakiyar watan Agusta, suka yi kusan mako biyu a kan teku, suka sauka a tashar Liverpool. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw ne, mai tsaron gida Sam Ibiam, akwai Dan Anyiam wanda aka sa wa filin wasa na Owerri sunansa, akwai kuma Teslim Balogun da ake wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa, wanda filin wasa na Surulere a Legas yake ɗauke da sunansa yau. Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, shi aka ba aikin horar da su.

Tunda a Liverpool suka sauka, kuma an shirya su kara ne da ƙungiyoyin masu wasa don sha'awa, sai wasansu na farko ya faɗo kan Marine, a ƙarshen watan Agusta, kwana kaɗan bayan saukarsu daga jirgi. Yawancin 'yan Najeriyar ba takalmi suka buga, sai bandeji da suka naɗe ƙafafunsu da shi, domin haka suka saba a gida. Labarin ya riga ya bazu a jaridu, dubban mutane suka cika Rossett Park, wasu don son ƙwallo, wasu don su ga yadda mutum zai daki ƙwallon fata mai nauyi da tsirarar ƙafa. Najeriya ta ci 5-2. Har yau a littafin tarihin Marine, taron wannan rana shi ne mafi girma da filin ya taɓa ɗauka. Wannan abu yana taɓa zuciyata duk lokacin da na tuna shi: ƙungiyoyi nawa suka shiga filin nan cikin shekara fiye da 120, amma ranar da ya fi cika ita ce ranar da 'ya'yan Najeriya suka zo.

Sauran tafiyar ba ta yi musu daɗi kamar farkonta ba. Wasa tara suka buga, biyu suka ci. Da ruwan sama ya sauka filaye suka yi santsi, sai rashin takalmi ya zame musu matsala babba. A hanyarsu ta komawa gida jirgi ya tsaya a Freetown, suka kara da Saliyo ranar 8 ga Oktoba 1949, suka ci 2-0, kuma wannan ake lissafawa a matsayin wasan ƙasa da ƙasa na farko da Najeriya ta buga. Balogun ya sake komawa Ingila a tsakiyar shekarun 1950, ya buga wa Peterborough United da Queens Park Rangers. Wani abin da kan rikita masu bincike: a Legas ma akwai ƙungiya mai suna Marine, ta ma'aikatar jiragen ruwa, ita ce ta fara lashe Kofin Gwamna a 1945. Suna ne kawai ya zo ɗaya, babu abin da ya haɗa ta da ta Crosby.

Shekarun da suka biyo baya hawa ne a hankali. A 1962 Marine ta shiga Lancashire Combination, a 1969 ta koma Cheshire County League. A 1974 FA ta soke bambancin da ke tsakanin mai wasa don sha'awa da mai karɓar albashi, domin kowa ya san ƙungiyoyi da dama suna biyan 'yan wasa a ɓoye. Daga nan kowa ɗan wasa ne kawai, ƙungiya ta biya abin da za ta iya a fili. A nan Marine ta zama irin ƙungiyar da ka gani, ta masu haɗa ƙwallo da sana'a.

Ba a maganar wannan zamani ba tare da Roly Howard ba. Ya karɓi aikin koci a 1972, bai ajiye ba sai 2005. Shekara 33, wasa 1,975, abin da ya sa littafin bajinta na Guinness ya rubuta shi a matsayin kocin da ya fi kowa daɗewa a ƙungiya ɗaya. Alex Ferguson da ake misali da shi shekara 26 da 'yan watanni ya yi a Manchester United. Sana'ar Howard ta yau da kullum kuwa goge gilashin tagogin gidajen mutane ne. Da safe ya ɗauki tsani da bokiti, da yamma ya tsaya bakin fili, wata rana ya tuƙa mota cikin sanyi ya je wani ƙauye duba ɗan wasan da aka ba shi labari.

Mutane sukan ba da labarin nan don ban mamaki, ni kuwa abin da nake so ka duba shi ne aikin da ke cikinsa. Kocin ƙaramar ƙungiya ba ya iya riƙe ɗan wasa mai kyau. Idan yaro ya haska, ƙungiyar da ta fi kuɗi ta ɗauke shi. Idan aka canja masa wurin aiki, ko ya yi aure nauyi ya ƙaru, ya tafi. Ke nan duk bayan shekara uku ko huɗu sai an sake gini daga tushe. Howard ya yi wannan gini sau da yawa, kuma kusan kowane karo ya fito da tawagar da ake jin tsoro. A hannunsa Marine ta lashe Cheshire County League sau uku, a 1974 da 1976 da 1978. A kakar 1975-76 ta fitar da Barnsley, ƙungiyar ƙwararru, daga kofin FA da ci 3-1. A 1979 ta shiga Northern Premier League. Sau biyu ta kai wasan daf da na ƙarshe a FA Trophy, kofin ƙungiyoyin da ke ƙasa da manyan 92 ɗin nan, a 1984 da 1992. A kakar 1992-93 ta ci Halifax Town 4-1, ta ci Stafford Rangers, ta kai zagaye na uku na kofin FA a karon farko, inda Crewe Alexandra ta tsayar da ita da ci 3-1. A wajen wannan lokaci ne Jason McAteer ya fito daga Marine ya tafi Bolton, daga can ya koma Liverpool, ya kuma buga wa Ireland gasar cin kofin duniya.

Sai kuma abin da nake ganin shi ne tsakiyar tarihin Marine, wanda ba a cika faɗa ba. A 1994 ta zama zakara a Northern Premier League. A 1995 ta sake zama zakara. A ƙa'ida zakaran wannan gasa yana hawa zuwa Conference, wato matakin da yau ake kira National League, mataki ɗaya tak ƙasa da cikakkun ƙwararru. Sau biyu a jere Marine ta ci gurbin da guminta, sau biyu ba ta hau ba. Dalili shi ne fili. Kowane mataki yana da sharuɗɗan da filin ƙungiya zai cika: yawan kujeru, rumfa, ƙofofin shiga, hanyoyin fita idan wani abu ya faru. Rossett Park kuwa a matse yake tsakanin gidaje. Ɓangarori uku kawai 'yan kallo suke iya tsayawa, na huɗun ya jingina da bayan gidajen titin Rossett Road, tsakaninsu sai shinge da raga. A jikin shingen ne aka rubuta lambobin gidajen, domin idan ƙwallo ta tsallaka a san ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Abin da ya burge ka a talabijin a 2021, shi ne ya hana ƙungiyar hawa a 1994 da 1995.

Morecambe ce ta zo ta biyu a 1995, ita aka ba gurbin, kuma a 2007 ta shiga cikin ƙungiyoyi 92 na ƙwararru. Duk mai son Marine idan ya ga haka dole ya tambayi kansa ina za su kasance da an bar su sun hau. Na fahimci wannan zafi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. 'Yan wasan da suka yi kaka biyu suna fitowa daga aiki suna cin kowa, sannan aka ce su tsaya inda suke, an tauye musu wani abu. Ba Marine kaɗai abin ya shafa ba: Kidderminster a 1994 da Macclesfield Town a 1995 da Stevenage a 1996 duk sun lashe Conference, duk aka hana su hawa saboda fili.

Amma ka duba zaɓin da ke gaban shugabannin Marine a lokacin. Ko su sayar da filin da suka gada tun 1903, su ci bashi su gina sabo a bayan gari inda mutanen unguwa ba za su iya takawa da ƙafa ba, ko su zauna a inda suke su karɓi matakin da filin ya ba su. Suka zauna. A ganina sun yi daidai. Ƙwallon Ingila cike yake da ƙungiyoyin da suka ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansu. Chester City ta rushe a 2010. An kori Bury daga gasar ƙwararru a 2019 bayan shekara 125 tana cikinta. Kotu ta rufe Macclesfield Town a watan Satumban 2020 saboda bashin da ya haura fam 500,000. Duk waɗannan sun fi Marine suna da matsayi. Marine kuwa sunan da aka raɗa mata a otal ɗin Waterloo shi take amsawa har yau, ba ta taɓa rushewa aka sake kafa ta ba.

Ka tambayi da me suke rayuwa. A nan gida mun saba gwamnatin jiha ita ke riƙe da mafi yawan manyan ƙungiyoyi, ita ke biyan albashi. Can babu wannan. Kuɗin ƙofa ne na farko, daga 'yan ɗaruruwan mutanen da suke zuwa kowane mako. Sai ɗakin shan abin sha da zauren taro da ke cikin filin, wanda ake ba da haya don biki da walima. Sai ƙananan 'yan kasuwar unguwa da suke sayen allon talla a bakin fili, da kamfanin da zai biya a liƙa sunansa a kan filin, shi ya sa ka ji ana kiran wurin Marine Travel Arena. Sai tara kuɗi ta hanyar tikitin sa'a. Abin da ya fi duka kuwa aikin sa kai ne: mai karɓar tikiti a ƙofa, mai wanke riguna, mai rubuta ɗan littafin wasa, mai share wurin zama, galibinsu ba a biyansu. Akwai ma wata doka da ke kare irin waɗannan ƙungiyoyi, wadda ta hana nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin cikin Ingila ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada kowa ya zauna gida yana kallon manya ƙananan filaye su zama kango. Wasan ƙarfe ukun da kake kallo a Kano ko Maraɗi, ɗan Liverpool ba ya ganinsa a talabijin ɗin gidansa.

Sai kofin FA, wanda shi ne damina a wurin ƙaramar ƙungiya. Ƙungiyoyi fiye da 700 suke shiga, ƙanana su fara tun farkon kaka, manya na Firimiya da Championship su shigo a zagaye na uku cikin Janairu. Kowane zagaye da ka tsallake akwai kuɗin lada, idan aka nuna wasanka a talabijin akwai ƙari.

Bayan tafiyar Howard, Marine ta yi shekaru tana tsaka-tsaki, daga baya ta fara lallaɓawa a ƙasan teburi. A 2019 ta faɗa mataki na takwas, kuma wannan ne karon farko a tarihinta da aka saukar da ita daga wata gasa. Kocin da ke riƙe da ita, Neil Young, wanda ya zo a 2018, shi ne mutumin da ya hau da sabuwar ƙungiyar Chester mataki uku a jere bayan magoya baya sun sake kafa ta. Shugabanni suka bar shi a kan aikinsa duk da faɗuwar. Sai annobar korona ta zo ta rufe ƙofofin fili da zauren taro, wato hanyoyin shigar kuɗi gaba ɗaya.

A wannan hali suka shiga kofin FA na 2020-21. Wasa bakwai suka tsallake kafin Tottenham. Sun fara da Barnoldswick Town, sai Frickley Athletic, sai Runcorn Linnets, sai Nantwich Town, sai Chester, tsohuwar ƙungiyar Young. Waɗannan biyar wasannin share fage ne. A zagayen farko na ainihin gasar suka je gidan Colchester United ta League Two, wadda ta fi su da mataki huɗu, aka tashi 1-1, suka fitar da ita a bugun fanareti. A zagaye na biyu Havant and Waterlooville ta zo Crosby, aka yi minti 90 babu ci, aka shiga ƙarin lokaci, sai a minti na 120 Niall Cummins ya tura ƙwallo raga. Shi ne malamin makarantar da aka gaya maka. Mai kwashe sharar kuma James Barrigan ne, ɗan wasan tsakiya. Kafin Marine, ƙungiya ɗaya tak daga mataki na takwas ta taɓa kaiwa zagaye na uku, wato Chasetown a kakar 2007-08.

Da aka jefa ƙuri'a Tottenham ta fito, kuma a Rossett Park za a buga, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin ƙungiyoyi 160 a jerin tsani, mafi girma a tarihin kofin. Da farko an sa ran 'yan kallo kaɗan za su shiga, sai dokar kulle ta dawo aka hana kowa. Ƙungiyar ta ƙiyasta za ta yi asarar kusan fam 100,000. Sai suka fito da dabarar sayar da tikitin intanet a kan fam 10, tikitin da ba ya shigar da kowa fili, gudummawa ce kawai. Magoya bayan Tottenham suka shigo ciki da ƙarfinsu, mutane daga ƙasashe daban-daban suka saya, har aka sayar da fiye da 30,000, wato kuɗin da suka haura fam 300,000. Jamie Carragher, tsohon ɗan wasan Liverpool, ya sa nasa tallafin. Liverpool da Everton suka buɗe musu filayen atisayensu.

Wasan kansa ka gani, ranar 10 ga Janairu 2021. Abin da nake so ka tuna shi ne minti 20 na farko, lokacin da babu ci, Neil Kengni na Marine ya hango Joe Hart, mai tsaron gidan Tottenham, ya ɗan fito, ya ɗaɗa ƙwallo daga nesa ta daki ƙarfen sama. Daga nan Tottenham ta farka. Carlos Vinicius ya ci uku, Lucas Moura ya ci ɗaya da bugun tazara, aka tafi hutun rabin lokaci 4-0. Alfie Devine, yaro ɗan shekara 16, ya ƙara ta biyar, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ci wa Tottenham ƙwallo. José Mourinho, kocin Tottenham a lokacin, ya girmama Marine, ya zo da manyan 'yan wasa, har Gareth Bale ya sako. Maƙwabta kuwa suna tsaye a bayan gidajensu suna kallo ta cikin raga, su ne kaɗai 'yan kallon da doka ba ta iya hanawa ba.

Abin da suka yi da kuɗin shi ne ya ƙara mini ganin girmansu. Ba su zuba su a albashin manyan 'yan wasa na kaka ɗaya ba. Sun gyara wurin, sun shimfiɗa ciyawar roba, wadda ruwan sama ba ya hana wasa a kanta, kuma ana iya ba da hayarta ga yara da ƙungiyoyin unguwa kwana bakwai a mako, kuɗi suna shigowa ko babu wasa. Ita ma tana da nata iyaka, domin ba a yarda da ciyawar roba a matakai huɗu na sama ba, har Sutton United sai da ta cire tata a 2021 da ta hau League Two. Amma ga ƙungiya kamar Marine, lissafin ya fita.

A fili ma sakamako ya biyo. A 2022 ta ci Runcorn Linnets 2-1 a wasan ƙarshe na neman gurbi, ta koma mataki na bakwai. A watan Mayun 2024 ta je gidan Macclesfield, sabuwar ƙungiyar da aka kafa a kan kangon waccan da kotu ta rufe, wadda ta fi ta kuɗi da yawan magoya baya, ta ci ta 2-1 a wani wasan ƙarshen, ta hau National League North. Wannan mataki na shida ne, daidai matakin da Roly Howard ya lashe sau biyu a 1994 da 1995, kafin a sake tsara gasannin a 2004 a tura Northern Premier League mataki ɗaya ƙasa. Kuma Neil Young, wanda aka bari a kan aiki bayan faɗuwar 2019, shi ya kai su.

Idan Allah ya kai ka Liverpool wata rana, ka shiga jirgin ƙasa na Merseyrail daga tsakiyar gari ka sauka a tashar Blundellsands and Crosby. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa zuwa College Road. Ka duba jadawali ka zaɓi Asabar da suke gida, ka isa kafin ƙarfe uku, ka gaya wa dattawan da ke bakin ƙofa cewa daga Najeriya kake, ka tambaye su labarin 1949. Ka kuma gaishe mini da dattijon da ya ba ka labari.